Takarda Ɗaya Tak

A watan Satumba na 2013 hukumar shige da fice ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta daina ba da izinin fita ga yaran da baƙi suka ɗauka riƙo. Ta ce na shekara guda ne. Cikin ɗaruruwan iyalan da abin ya rutsa da su har da wata malamar makaranta a jihar Ohayo ta Amurka da mijinta. Kotu a Kinshasa ta riga ta ba su yaron, ɗan shekara biyu, ofishin jakadancin Amurka kuma ya buga masa biza. Takarda ɗaya tak ta rage.

Cocinsu ya tsaya musu. Duk daren Laraba ana taruwa ana roƙon Ubangiji ya buɗe ƙofa, wasu ma suna kiran jami'an Kwango da Fir'auna. Malamar ta yi azumi har ta rame. Shekara ta cika, aka tsawaita dakatarwar ba tare da sa rana ba. Bizar yaron wata shida take yi ta mutu, a biya a sabunta, ta sake mutuwa. Matar fasto ta tuna mata da Hannatu, wadda ta roƙi ɗa, aka ba ta Sama'ila, ta koma tana ɗinka masa 'yar riga tana kai masa shekara-shekara. Malamar ta ce ita ma riguna take aikawa, amma Hannatu ai ta goya nata.

A 2015 ta kasa daurewa, ta hau jirgi. Ta tarar da yaron a hannun wata dattijuwa mai rainon yara shida a gida ɗaya. Da ya gan ta sai ya ɓuya bayan zanen tsohuwar. Da dare, ta bakin tafinta, ta ce, "Mama, ki taya ni roƙon Allah ya fitar da shi daga nan."

Dattijuwar ta ɗan yi shiru. "'Yata, ni ban taɓa roƙon wannan ba. Roƙona kullum kada zazzaɓi ya shigo min gida, kuma garin rogo ya kai ƙarshen wata. Bara yaron nan ya yi kwana tara a asibiti. Da kuke addu'arku a can, kun san da haka?"

Ba su sani ba. An rubuto musu cewa ba ya jin daɗi, suka amsa da tambayar ina aka kwana a batun takarda.

Gaskiya kuwa Kwango ba ta rasa hujja ba. A watan da ta rufe ƙofar, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fallasa yadda wasu Amurkawa ke miƙa yaran da suka ɗauko daga waje ga mutanen da suka haɗu da su a intanet. An kuma sami takardun jabu, da yaran da aka rubuta marayu alhali iyayensu na nan da rai. Wannan bai wanke jinkirin ba, don akwai yaran da suka mutu suna jira. Amma wanda ya sa wa mai tsaron ƙofa suna Fir'auna ba zai tambaye shi dalili ba.

Malamar ta ajiye aiki, ta kama ɗaki a Kinshasa, mijin ya zauna a gida yana aiko da kuɗin haya. Ta koyi harshen Lingala na gaisuwa da na kasuwa, ta koyi daka ganyen rogo. Sannan ta yi abin da ta daɗe tana tsoro: ta sa aka nemo dangin yaron. Kwanakin nan addu'arta ta yi mata nauyi, domin ta san idan uwarsa na raye tana nemansa, to amsar ba tata ba ce. Duk da haka ta roƙa a gwada mata gaskiya.

Aka sami kakarsa a unguwar Masina. Uwar ta rasu wajen haihuwa, kakar ce ta kai shi da hannunta don ba ta da abin ba shi. Ta ce, "Ki tafi da shi, amma ya san sunan uwarsa, ya kuma san ina nan."

A farkon 2016 gwamnati ta riƙa sakin sunaye rukuni-rukuni, nasa ya fito yana dab da cika shekara biyar. Taron daren Laraba bai watse ba, sai dai an ƙara sunan dattijuwar da yara biyar da suka rage, ana kuma haɗa musu kuɗin gidan sauro da magani. Kakar tana samun waya duk Lahadi, kuma kusan kullum da faɗa ake rabuwa, wai Lingalar jikanta ta fara karyewa, a gyara.