Abin da Ke Cikin Jini, Laifin Wa?

Ya 'yan'uwa matasa, akwai maganar da mukan yi ƙasa-ƙasa a nan Whalley Range ta Manchester. In aka ji mashayi ya halaka kansa, sai a ce ai gado ne, ubansa ma haka yake. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ina matsayin hisabi?

Masana sun nazarci tagwaye da 'ya'yan riƙo, suka gano kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya daga gado yake. A shekarun 1990 an binciki mashaya a ƙasar Finlan, aka zargi wata ƙwayar halitta mai hannu wajen haɗa sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa. Bincike mafi faɗi da ya biyo baya ya nuna ƙwayoyin suna da yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri. Abin da ake gada shi ne rauni, kamar saurin aikatawa kafin tunani da saurin faɗawa ƙuncin rai. Giya kuwa sai ta kwance wa hankali linzami a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Giya haramun ce, kashe kai babban zunubi ne, gado bai goge ko ɗaya ba. Amma jarrabawar bayi ba ɗaya ba ce. Mu da ko warinta ba ma so, ba mu san yaƙin da wani yake yi da ransa kowane dare ba. Malaman fiƙihu sun rataya taklifi a kan hankali, kuma Allah kaɗai ya san yawan hankalin da ya rage wa bawa a wannan sa'a. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani da aka sha kawowa saboda giya, har ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Ingila ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 1961, Gana ta bi sahu a 2023. Mu kuwa a zango har yau mukan hana ɗan irin wannan gida aure, wai saboda jininsu, alhali mafi yawansu ba za su taɓa bin wannan hanya ba. Wannan ƙyama ce ke sa iyalai ɓoye mara lafiya.

Wanda giya ta kama sosai kada ya yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba, domin tana iya jawo farfaɗiya. Wanda kuma ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A raka shi wurin likita, ko a kira ƙungiyar Samaritans a 116 123, kyauta, dare ko rana.