Shin Kowace Wahala Makaranta Ce?

Akwai wata magana da ta kama bakin jama'a har ta zama kamar karatu, wai wahala makaranta ce, duk wanda ya sha ta sai ya fito da ilmi. Ni dai ina ganin rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa mafaka ce da masu cutar mutane suke laɓewa a bayanta. Bari mu auna ta da rayuwar marigayi Shu'aibu Amodu, mai horar da 'yan ƙwallo.

An haife shi a 1958, mutumin Okpella ne ta jihar Edo, ya kuma buga wa Niger Tornadoes ta Minna kafin karayar ƙafa ta raba shi da wasa. Wannan ita ce wahalarsa ta fari, kuma ba wanda za a kama da laifinta. Da gudu ya gagara sai ya koma gefen fili, inda ido da tunani suke aiki. A 1990 ya ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu tare da BCC Lions ta Gboko, sannan ya kai wa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri kofin ƙalubale sau biyu a jere, 1991 da 1992. In an ce karayar nan ta zame masa makaranta, ba ni da ja.

To, amma dubi wahala ta biyu. A 2001 aka miƙa masa Super Eagles tana tangal-tangal a hanyar zuwa gasar kofin duniya, ya tallafe ta har ta sami gurbi. Da aka je gasar Afirka a Mali a farkon 2002 ya zo na uku, sai aka sallame shi, aka bai wa Festus Onigbinde ƙungiyar ya tafi da ita Japan da Koriya. A 2008 aka sake kiransa. Ranar da Nijeriya ta ci Kenya 3 da 2 a Nairobi, cikin Nuwamba 2009, gurbi ya sake samuwa. Ya kuma zo na uku a Angola, aka kuma ture shi, aka ɗauko Bature ɗan Suwidin, Lars Lagerback, ya je Afirka ta Kudu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Abin dariya, in da abin dariya ne, duka tafiyoyin biyu da maki ɗaya tak aka dawo gida.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa duk ɗaya ne, duk ƙaddara ce. Manomin Basirka ko na Gwaram ya san bambancin fari da ɓarawon dami. In ruwa ya ɗauke gero ya ƙone, yakan ce haka Allah ya so, baɗi ya nemi iri mai saurin nuna, ya kuwa ƙaru. In kuwa ya yi huɗa, ya yi noman fari da maimai, ranar girbi wani ya kwashe, wajen dagaci zai nufa, ba zai zauna yana lissafin darasin da ya koya ba. Duka biyun da sanin Allah suka faru, amma na biyun akwai hannun mutum a ciki, kuma hannun nan yana da amsar da zai bayar. Duk sa'ad da muka ce korar Amodu ta ƙara masa hikima, to mun wanke wanda ya yi korar, har mun sa masa rawanin malanta.

Wani zai ce, ai hukuma tana da ikon sauya koci in ta ga wasan bai gamsar ba, kuma lalle an soki salon wasansa a lokacin. Haka ne. Sai dai ikon yin abu daban, dacewarsa daban, balle a ce an san salon nasa sarai kafin a sake nemo shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne komawar da yake yi duk lokacin da aka kira shi. Haƙuri ne ko rashin zuciya? Na daɗe ina juya tambayar, kuma na fi karkata ga cewa mutumin ya raba aikin da masu ba da aikin: ƙwallon yake yi wa hidima, su kuwa masu kujera yau suna nan gobe babu. Marubucin da aka taɓa cinye wa kuɗin littafi a kasuwa, amma dare ya yi ya sake jawo fitila da biro, zai gane wannan hali ba sai an yi masa dogon bayani ba. Komawarsa ga rubutu ba ta nufin ya yafe bashin, kuma bai kamata mu yafe a madadinsa ba.

Amodu ya rasu a Benin ranar 10 ga Yuni 2016, kwana uku bayan rasuwar Stephen Keshi, yana riƙe da muƙamin daraktan fasaha na hukumar da ta sallame shi sau biyu ana gab da tafiya. Bai taɓa zama a bencin Super Eagles a gasar kofin duniya ba.