Wajibin Miji Ga Matarsa Mai Ciki

Ya ɗan'uwa, akwai wata magana da ta daɗe a bakin mazan ƙasarmu, wato haihuwa sha'anin mata ne, babu ruwan namiji. Sa'anda naƙuda ta zo, maigida ya kan koma zaure ko gindin itace, ya bar ungozoma da tsofaffi a ɗaki, mutane kuwa su ce kunya ce. Bari mu auna wannan magana, mu gani ko ta dace da mai bin Ubangiji.

Kunya abu ne mai kyau, ba kuwa muna cewa namiji ya karɓi aikin ungozoma ba. Amma ka tambayi zuciyarka: wa ke ba da izinin fita daga gida? Wa ke riƙe da kuɗi? Wa zai nemo mota da tsakar dare? Ashe ba maigida ba ne? Wanda iko ke hannunsa, a wuyansa alhaki yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta mata wajen 260,000 da suka mutu a shekara ta 2023 saboda ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuwa a Nijeriya ne. Tun a 1994 masana suka nuna jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawara a gida, jinkiri a hanya, da jinkiri a asibiti. Ka lura, na farko da yawancin na biyu a hannun miji suke. Zubar jini bayan haihuwa ta kan iya ɗauke rai cikin sa'a biyu. Naƙudar da ta kwana ta wuni ta kan kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari. Abin baƙin ciki, sau da yawa mijin da ya yi jinkirin shi ne ke korarta domin wari.

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ga Afisawa sura 5, ya koya wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikin kansa. Wane mutum ne zai ga jini yana zuba daga jikinsa, ya ce a dakata sai gari ya waye? Littafin Farawa sura 35 kuma ya ba mu labarin Rahila, wadda ta mutu wajen haihuwar Biliyaminu. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki mutuwar uwa ƙaramin abu ba. Idan wani ya ce maka rai na Allah ne, ka amsa masa hakanan ne. Damina ma ta Allah ce, duk da haka ba ka bar fartanya a rataye ba.

To, ga wajibinka. Na fari, ka bar ta ta tafi awo tun cikin yana ƙarami, ka raka ta idan da hali. Tun 2016 likitoci suna shawartar zuwa sau 8. Na biyu, ka rage mata daka da ɗaukar ruwa da itace, ka ciyar da ita, ta kwana cikin gidan sauro. Na uku, ka ajiye kuɗin mota, ka shirya da mai mota tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Abin kunya ne a tanadi ragon suna a rasa kuɗin kai uwa asibiti. Na huɗu, idan za ka tafi cin rani, ka ba da izini a gaban iyayenka da nata, kada a zauna jiranka. Na biyar, ka san alamun hatsari: jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, da naƙudar da ta wuce sa'a 12. Da ganin ɗaya daga cikinsu, ku kama hanya. Kada ka yarda a yi mata yankan gishiri. Idan likita ya nemi jini, ka fara miƙa naka hannu.

Ya ɗan'uwa, maƙwabta suna duban gidanka domin su san irin tafarkin da ka shiga. Ka tsaya wa matarka a ranar wahalarta. Ubangiji ya ba ka zuciyar yin haka, ya sauke ta lafiya. Amin.