Yarda da Tsada a Gwanjon Intanet

Tun daga shekarar 1995, lokacin da Pierre Omidyar ya kafa dandalin da daga baya aka san shi da eBay a ƙasar Amurka, gwanjo ya tashi daga filin da mai shela ke tsayawa yana ɗaga murya ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu, kuma tsofaffin na'urorin lantarki, irin su wayoyi da kyamarori da kwamfutocin tafi-da-gidanka, suna cikin kayan da ake yawan hada-hadarsu a can. Abin da hankali zai fara bayarwa shi ne duk wanda ya nufi gwanjo don sayen tsohon kaya araha ya je nema, amma sau da yawa sai a tashi da kuɗin da ya kai na sabo ko ya zarce abin da ake sayar da irin kayan a wani wuri. Wannan al'amari ya ta da tambayar da ta shafi fikihu da falsafa gaba ɗaya, wato ko yardar da mutum ya bayar yana cikin zafin takara ita ce yardar da Alƙur'ani ya gindaya a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, inda aka halatta cin dukiyar juna ta hanyar kasuwancin da aka yi bisa yarjejeniya.

Masana tattalin arziki sun auna wannan tsada da ma'auni mai wuyar musantawa. A shekarar 2011 Ulrike Malmendier da Young Han Lee sun wallafa bincikensu a mujallar American Economic Review, inda suka kwatanta farashin da gwanjo ya tsaya a kai da ƙayyadadden farashin kaya iri ɗaya da ke shafi guda a lokaci guda, wanda kowa zai iya biya nan take ba tare da jira ba. A gwanjon wani wasan allo da suka bi diddiginsa, kashi 42 cikin ɗari sun ƙare a sama da ƙayyadadden farashin, kuma da suka faɗaɗa binciken zuwa kaya iri-iri, har da na lantarki, adadin ya kai kashi 48. Abin da ya fi jan hankali shi ne masu wuce iyakar ba su da yawa, domin kashi 17 ne kacal na masu tayi, sai dai gwanjo a tsarinsa yana tace jama'a har ya tsaya a kan wanda ya fi kowa ɗoki. Masu binciken sun jingina yawancin lamarin ga ƙarancin lura, wato mai tayi ya ƙura ido ga gwanjon da ya shiga har ya mance da farashin da ke gefensa.

Tsohuwar na'ura tana ƙara wa matsalar nauyi, saboda darajarta tana cikin abin da hoto ba ya nunawa, kamar lafiyar batir da ko ruwa ya taɓa shiga da ko an sauya gilashi da na jabu. George Akerlof ya yi bayani a shekarar 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin kayansa, kuma wannan rata tana ɓata kasuwa. Idan mutum goma suka dubi hoton waya guda, kowa zai ƙiyasta lafiyarta a ransa, wasu su rage wasu su ƙara, kuma wanda ya fi kowa kyautata zato shi zai yi tayi mafi tsoka. Injiniyoyin man fetur uku, Capen da Clapp da Campbell, sun bayyana irin wannan a shekarar 1971 game da gwanjon filayen haƙar mai, abin da ake kira musibar mai rinjaye, ma'ana samun nasarar kansa alama ce ta cewa mutum ya fi sauran yin kuskuren ƙiyasi. Bahaushe ya daɗe da gargaɗi game da cinikin biri a sama, kuma a nan birin yana wata ƙasa, masu tayin kuma ba sa ganin juna.

Ana iya cewa tsarin dandalin ya tanadi kariya, domin a eBay mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, dandalin ya riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan a madadinsa, kuma idan ya yi rinjaye ɗan abin da ya ɗara tayin na biyu kawai zai biya. William Vickrey ya nuna tun 1961 cewa a gwanjo mai kama da wannan dabarar da ta fi dacewa ita ce mutum ya faɗi haƙiƙanin darajar kayan a wurinsa sau ɗaya ya tafi harkarsa. Amma mutane da dama suna dawowa su ɗaga iyakar da suka yanka wa kansu da zarar saƙo ya iso cewa wani ya wuce su, alhali na'urar da ake takara a kanta ba ta ƙaru da komai ba tsakanin safiya da yamma. Abin da ya sauya yana cikin zuciyar mai tayin, wanda ya kwana yana kan gaba har ya soma ɗaukar wayar tamkar tasa, don haka sai ya ji tayin wani kamar ƙwace. Agogon da ke ƙirga daƙiƙun ƙarshe yana hana shi sararin tunani, kuma kuɗin aikawa, wanda aka rubuta daban da ƙananan haruffa, sau da yawa ba ya shiga lissafinsa. Saboda haka kuɗin da ya biya kashi biyu ne, ɗaya na na'urar, ɗaya na kada a ce an kayar da shi.

Shari'a ba ta haramta gwanjo ba. Malamai suna kiransa muzayada, wato cinikin da ake bai wa wanda ya fi ƙari, kuma suna kafa hujja da ruwayar Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar da shimfiɗa da ƙwarya na wani mabuƙaci, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi ƙari har aka ba da dirhami biyu. Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa yana aiki ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye suna dab da ƙullawa, kuma Majalisar Fikihu ta Ƙasa da Ƙasa ta tabbatar da halaccin muzayada a zamanta na Burunai a shekarar 1993. Abin da aka haramta shi ne najashu, wato mutum ya yi tayi ba da nufin saye ba sai don ya ingiza wani, kuma hanin ya zo a Buhari da Muslim. Intanet ya sauƙaƙa wannan zunubi ƙwarai, domin mai kaya yana iya buɗe wani asusu da wani suna ko ya sa abokinsa ya riƙa tayi, ko da yake dokar eBay ta hana hakan. A mazhabar Malikiyya, idan mai kaya yana da masaniya a kan najashun, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya. Haka nan malaman mazhabar sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, da sharaɗin cewa idan ya iso ya saɓa wa siffar mai saye ba ya ɗaure, kuma ɓoyayyen aibi yana ba da damar mayarwa.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda babu najashu, babu aibin da aka ɓoye, mutum ne kawai ya hau dokin zuciya. Fukaha'u suna kiran irin wannan asara gabnu, wato sayen abu da kuɗin da ya zarce ƙimarsa. Shaihu Khalil ya tafi a Muhtasar a kan cewa gabnu shi kaɗai ba ya warware ciniki, yayin da Ibnu Asim, a Tuhfa wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita, ya buɗe ƙofar ƙara da sharuɗɗa, daga ciki gabnun ya kai sulusi kuma mai ƙarar ya kasance bai san farashi ba. Mai tayi a intanet yana da wuya ya cika sharaɗin rashin sani, tunda farashin kayan yana gabansa, kuma duba shi ba ya cin minti biyu. Yardarsa ingantacciya ce a hukunce, domin babu wanda ya tilasta shi, kuma da za a karɓi uzurin ɗoki da babu cinikin da zai tabbata a kasuwa.

Sai dai ingancin ciniki a gaban alƙali bai wanke kowa a gaban Allah ba, kuma a nan ne ya kamata a yi adalci wajen rabon alhaki. Dandalin da ke karɓar la'ada gwargwadon farashin ƙarshe yana amfana da duk saƙon da ya tunzura mai tayi ya dawo, don haka ba a iya ɗaukarsa ɗan kallo. Mai kaya da ya ɗauki hoto ta gefen da babu tsaga, ya yi shiru game da batir, ya ci haram ko da kalmominsa ba su ƙunshi ƙarya ba. Shi kuwa mai saye, dukiyar da ke hannunsa amana ce da za a tambaye shi inda ya kashe ta, kuma rarar da ya biya don huce haushin wani baƙo da bai taɓa gani ba ta fi kusa da almubazzarancin da Suratul Isra'i ta yi hani da shi. Wanda ya yi tayi da hankalinsa, kaya suka iso yadda aka siffanta su, babu kuma hannun mai kaya a ingiza farashi, wajibi ne ya biya abin da ya taya, kuma nadama ba ta ba shi damar fasawa sai idan mai kaya ya yarda ya sake shi.