Wanda Ya Hango Da Wanda Ya Tsinta: Wa Ke Da Haƙƙin Yabo?

Yau labarin wani haske zan ba ku, amma ba don hasken kawai ba.

Masana sararin samaniya sun ce wannan duniyar tamu, da taurarinta da komai, ta kai kimanin shekara biliyan 13.8. A farkonta zafi ya yi yawa har haske ba ya iya wucewa, kamar fitila cikin hazo mai kauri. Sai bayan kimanin shekara 380,000 ta huce, hasken ya samu hanya. Wannan hasken yana nan har yau, yana zuwa mana ta kowace fuska ta sama, sai dai ya yi sanyi ƙwarai, kusan digiri 270 ƙasa da sifiri, ido ba ya ganinsa. Da shi ake nazarin yarintar duniya.

To, a 1948 wasu matasa biyu a Amurka, Ralph Alpher da Robert Herman, suka zauna da alƙalami suka yi lissafi, suka ce lallai akwai ragowar wannan zafi, har suka kimanta shi da digiri 5 sama da ƙarshen sanyi. Ba wanda ya tashi nemansa. Aka manta.

A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan Bell Labs a jihar New Jersey, suna gyaran wata babbar eriya don wani aikin daban, sai ga wata 'yar ƙara ta ƙi barinsu. Dare da rana, ko ina suka juya, tana nan. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka wanke kashinsu. Ƙara ba ta tafi ba. Ashe abin da Alpher ya lissafa ne. A jami'ar Princeton kuma, kusa da su, Robert Dicke da mutanensa na cikin haɗa na'urar neman wannan abu da gangan, aka riga su. Takardun ɓangarorin biyu suka fito a 1965, babu sunan Alpher da Herman a ciki. Kyautar Nobel ta 1978 ta tafi ga Penzias da Wilson.

Ga tambayar: an yi zalunci ko rabo ne?

Wani zai ce ai tsintuwa suka yi. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Mutum nawa ne zai ji 'yar ƙara a na'urarsa ya ce matsalar waya ce, ya rubuta rahoto ya tafi gida? Su sun ƙi share abin da ba su gane ba, sun ƙi yi wa kansu ƙarya. Sa'a ta zo, gaskiya ne, amma ta tarar da masu amana. Ba su saci komai ba.

Inda zuciyata ke tsayawa shi ne wajen shirun. An ce masu rubutun 1965 ba su san da aikin 1948 ba. Na karɓi wannan uzuri, rashin sani uzuri ne. Amma fa uzurin ranar farko ne. Daga ranar da aka ce maka ga wanda ya riga ka, bashi ya hau kanka. Penzias ya ambaci aikinsu a jawabinsa na karɓar kyautar, shekara 13 bayan takardun. Ya kyauta, sai dai suna ya riga ya bi wasu.

Kuma ba karon farko ke nan ga Alpher ba. A 1948 ɗin, malaminsa George Gamow ya saka sunan Hans Bethe a takardar da ta fito daga binciken digirin Alpher, alhali Bethe bai yi aikin ba, don kawai sunayen uku su yi kama da haruffan farko na Girkanci. Raha ce a wurin malam. Ɗalibin kuwa ya ga manyan sunaye biyu sun rufe nasa, abin ya daɗe yana ci masa rai.

Malamanmu na da sun ɗauki jingina magana ga mai ita a matsayin albarkar ilimi, shi ya sa suka wahala a kan isnadi. Mu kuma a nan Facebook, ka kwafe rubutun ɗan uwanka, ka goge sunansa, ana ta yi maka "Allah ya ƙara basira" kana amsa amin. Wallahi abu ɗaya ne, girman kasuwar ne kawai ya bambanta.

Herman ya rasu a 1997. Alpher kuma an ba shi lambar yabon kimiyya ta ƙasar Amurka a 2007, rashin lafiya ya hana shi zuwa, ɗansa ne ya karɓa masa. Bayan 'yan makonni ya rasu.