Hukuncin Zuwa Kallon Ruwa a Tiga

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo wa mutanen Bebeji, Tudun Wada da maƙwabtansu tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, da matsayar kwale-kwale, da masunta masu sayar da kifi a bakin gaɓa. Jama'a kan je kallo, musamman lokacin bukukuwan salla. Daga nan tambaya ta taso: zuwa bakin ruwa don kallo kawai shagala ce, ko yana da gurbi a addini?

Malaman fiƙihu kan fara da ƙa'idar cewa al'amuran yau da kullum halal ne a asali, sai wanda nassi ya hana. Don haka tafiyar kanta ba ta da laifi, abin da aka haɗa ta da shi ne ke sauya hukunci. Barin salla ta fita lokacinta yana ɓata tafiyar, haka ma cika kwale-kwale fiye da ƙima har a jefa rayuka cikin halaka. Yanka ko zuba wani abu a ruwa don neman yardar iskoki kuwa, duk da daɗewar al'adar a ƙasar Hausa, malamai sun sanya shi cikin shirka.

Wasu ba su tsaya ga halasci ba. Alƙur'ani ya yi ta ambaton ruwan sama, koguna da jiragen ruwa a matsayin ayoyin Allah, saboda haka wanda ya je da niyyar tafakkuri suna ganin yana da lada.

Sai dai tafkin Tiga aikin hannun mutum ne, kuma wannan yana ƙara wa mai tafakkurin nauyi. Ƙarƙashin ruwan da yake kallo akwai gonaki da ƙauyukan da aka tashi mutanensu. Ruwan da ke rayar da shinkafa, alkama da tumatir a Kadawa da Kura shi ne a da yake malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar damina ta ragu bayan tare kogin, manoma, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Fiƙihun Malikiyya yana da babi a kan haka: na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon buƙata, sannan ya saki ruwa ga na ƙasa.