Shin Rafi Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Da yawanmu a Zangon Tamale jikokin fataken goro ne, kuma ayarin Gwanja daga Kasuwar Kurmi ta Kano yakan tashi. Kasuwar, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta samo sunanta ne daga kurmin da ke bakin rafin Jakara. Mutanen Dala na farko suna girmama wannan kurmi, har suna kai masa yanka. Yau kuwa Jakara kwata ce. An yi mata hanya da siminti, tana kwasar ruwan wanke-wanke da jinin mahauta, a gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai.

To, an zalunci rafin ne? A 2017 majalisar ƙasar Nuzilan ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban shari'a, aka naɗa masu magana da yawunsa. Abin ya burge ni, amma ban gamsu ba. Ruwa ba ya jin ciwo, ba ya kai ƙara. A ganina mai haƙƙin shi ne wanda ke ƙasa da kai a bakin rafi: manomin lambun da ke ban ruwan latas da ruwan Jakara, da yaron da zai ci latas ɗin. Wanda ya zuba shara bai san su ba, shi ya sa hannunsa ba ya rawa.

Sai dai wannan amsa tawa tana da rauni. Maguzawan da ke tsoron kurmin sun bar shi da ransa. Mu da muka san babu abin tsoro a cikinsa, muka kuma san dattin zai isa ga wani, mu ne muka mai da rafin bola. Ke nan tsoro ya tsare abin da sani ya kasa tsarewa? Ba na son in yarda, amma ban iya ƙaryatawa ba.

Mu ma nan ruwan famfonmu daga kogin Farin Volta ake ɗebo shi a Nawuni, a tace a Dalun, kuma masu haƙar yashi suna dagula shi. Yashin kuwa Tamale ake kawo shi, da shi muke buga bulon gidajenmu.